Waƙa A Bakin Wadda Ta Manta Ta: Nazarin Littafin Brain on Fire

Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. A kan wannan karin magana ne duk mai rubuta tarihin rayuwarsa yake kafa hujjarsa, wato yana ce wa mai karatu, ni abin nan ya faru a kaina, ina wurin, da idona na gani, saboda haka ka yarda da ni. To, amma ina dabara idan mai waƙar ta buɗe baki ta tarar baitocin tsakiya sun ɓace mata ƙaf, ko ɗango ɗaya ba ta iya tunawa? Wannan ita ce matsalar da ta tari marubuciyar littafin da za mu duba a wannan fitowa. Yadda ta ɓullo wa matsalar kuwa shi ya sa muka ga ya cancanci fili a mujallar marubuta, duk da cewa da Turanci aka rubuta shi, kuma a wata ƙasa mai nisa abin ya auku.

Sunan littafin Brain on Fire, wato ƙwaƙwalwa ta kama da wuta. Marubuciyarsa ita ce Susannah Cahalan, wadda za mu riƙa kira Suzana don sauƙin faɗi. An buga shi a Amurka a 2012, aka mai da shi fim a 2016. Ba ƙagaggen labari ba ne. Labarin rashin lafiyar marubuciyar ne da kanta, da yadda ta tsira, da yadda ta murmure.

Labarin a taƙaice

A farkon 2009 Suzana tana da shekara 24, tana aikin neman labarai a jaridar New York Post da ke birnin Niyok. Abin ya soma mata ne da 'yan ƙananan alamu waɗanda kowa zai iya rainawa. Ta ga wasu ɗigo biyu a hannunta, ta ƙudurta a ranta cewa kuɗin cizo ya mamaye ɗakinta, alhali wanda aka kira ya duba bai ga komai ba. Ɓangaren jikinta na hagu ya riƙa yin sanyi kamar ba nata ba. Kishi marar dalili ya kama ta har ta shiga bincikar wasiƙun saurayinta, abin da ba halinta ba ne. A wurin aiki sai ta fashe da kuka, jim kaɗan kuma ta koma dariya. Daga nan sai farfaɗiya ta buge ta da tsakar dare.

Likitan ƙwaƙwalwar da ta fara gani, wanda ta sakaya sunansa a littafin, ya yi hoto da gwaje-gwaje bai ga komai ba, sai ya yanke hukunci cewa giya ce ta yi mata yawa, ga kuma gajiyar aiki. Wata likitar ta karkata ga wani nau'in taɓin hankali. Da abin ya ci tura, a watan Maris na 2009 aka kwantar da ita a sashen masu farfaɗiya na asibitin Jami'ar Niyok, inda ta yi kwana 28. A cikin kwanakin nan ta yi ta yunƙurin gudu, ta zargi mahaifinta da kisan kai, ta yi imani cewa masu karanta labarai a talabijin zancenta suke yi. Daga baya kuma sai fizge-fizgen ya lafa, wani abin da ya fi shi ban tsoro ya maye gurbinsa: jiki ya sandare, magana ta ɗauke, baki yana ta motsi kamar mai tauna, yawu yana zuba. Ana cikin haka ne wani likita haifaffen Siriya, Dakta Suhail Najjar, ya shigo cikin labarin. Ya miƙa mata takarda ya ce ta zana agogo. Ta zana da'ira, amma ta cunkushe lambobin nan 12 duka a ɓangaren dama, ta bar hagu fayau. Daga nan ya tabbata cewa ɓarin dama na ƙwaƙwalwarta, wanda ke kula da hagun mutum, ya kumbura. Kalaman da ya yi wa iyayenta a ranar su suka zama sunan littafin.

Yana da kyau mu ɗan tsaya a kan ita kanta cutar, domin wanda bai fahimce ta ba ba zai gane dalilin da ya sa littafin ya ɗauki irin zubin da ya ɗauka ba. Garkuwar jikin ɗan Adam tana ƙera wasu mayaƙa da ke farautar ƙwayoyin cuta. A wannan lalura sai mayaƙan su yi ɓatan kai, su juya kan wasu 'yan ƙofofi da ke jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, waɗanda masana ke kira da haruffan NMDA. Ta waɗannan ƙofofi ne saƙo ke ratsawa idan mutum yana koyon abu ko yana ajiye shi a ransa, kuma sun fi yawa a sashen ƙwaƙwalwar da ke adana sabon abin da ya faru. Idan aka toshe su, mutum yana gani, yana ji, yana magana, amma babu abin da ake rubutawa a allonsa. Sa'ar da aka yi ita ce mayaƙan ba su cika kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ba, ƙofofin kawai suke sa a janye ciki, shi ya sa idan aka kawar da su mutum kan iya dawowa daga bakin kabari. Dakta Josep Dalmau, ɗan ƙasar Sifen da ke aiki a Jami'ar Fensilbeniya a lokacin, shi da abokan aikinsa ne suka gano cutar suka ba ta suna a 2007. Shekara biyu kacal ke nan kafin ta kama Suzana. A ɗakin bincikensa aka auna ruwan lakarta aka tabbatar, ta zama mutum na 217 da aka samu da ita. Mata matasa ta fi kamawa, kuma a wasunsu wani ƙari ne a ma'ajiyar ƙwai yake tayar da ita, ko da yake ba a sami ƙarin a jikin Suzana ba.

Zubi da tsari

An kasa littafin kashi uku: shigar ciwo, zaman asibiti, sai murmurewa. Kashi na farko Suzana tana iya tuna mafi yawansa, ko da yake tunanin mai ruɗewa ne. Kashi na biyu kuwa, wanda shi ne cibiyar labarin, ba ta nan. Gangar jikinta tana kan gado, amma mai ba da labarin ta yi tafiya. A nan ne marubuci marar haƙuri zai cike giɓin da ƙirƙira, ya zauna ya tsara abin da ya kamata a ce ya ji, ya shafa masa mai, babu kuma mai iya ƙaryata shi tunda cikinsa ne. Suzana ba ta bi wannan hanya ba. Tun a shafin farko ta gaya wa mai karatu cewa ita ba shaidar da za a dogara da ita ba ce. Sannan ta ɗauki littafin rubutunta na 'yar jarida ta shiga bin sawun kanta kamar yadda za ta bi sawun baƙuwar da ba ta taɓa gani ba. Ta tattaro takardun asibiti, ta yi hira da likitoci da ma'aikatan jinya da dangi da abokai, ta karanta littafin da mahaifinta ya riƙa rubuta abin da ya gani kullum a bakin gadonta. Iyayenta sun daɗe da rabuwa, ba sa ga maciji, saboda haka suka ajiye wani ɗan littafi a ɗakin, wanda ya gama zamansa ya rubuta wa mai karɓarsa abin da likita ya ce. Shi ma wannan ya zama madogara. Mafi tsanani duka shi ne faifan bidiyo, domin a sashen masu farfaɗiya akwai na'urar ɗaukar hoto a saman gado. Ta zauna ta kalli kanta tana kuka, tana roƙon a taimake ta, ba ta kuma gane yarinyar da ke cikin hoton ba.

Ko shakka babu wannan ita ce babbar nasarar littafin. Mai karatu yana sane a kowane shafi daga ina magana ta fito: wannan daga bakin uwa ne, wannan daga takardar likita, wannan daga faifai. 'Yan guntattakin da suka maƙale a ranta, waɗanda yawancinsu gane-gane ne, an buga su da rubutun tsutsa don a bambanta su da abin da aka tabbatar. An kuma sanya hotunan rubutun hannunta na lokacin, mai karatu ya ga da idonsa yadda haruffa suke wargajewa. Mu malaman makaranta mun san abin da rubutun hannu ke tonawa, domin sau da yawa a littafin aikin yaro ake fara ganin cewa wani abu na damunsa tun kafin ya buɗe baki.

Akwai wuri guda da ya kamata duk mai sha'awar rubutu ya karanta sau biyu. An buɗe littafin da wani yanayi mai kama zuciya: ta farka a ɗaure a kan gado, ta duba wuyan hannunta ta ga an ɗaura mata wani zoben roba ruwan goro mai nuna cewa wannan majinyaciya tana iya tserewa. Tana tuna wannan sarai, danginta ma sun ce suna tunawa. Can kusa da ƙarshen littafin sai ta bayyana cewa da ta koma ta tambayi ma'aikatan sashen, sun ce babu irin wannan zobe a asibitin. Wanda suke da shi rawaya ne, kuma gargaɗin faɗuwa yake yi, ba na gudu ba. Wato abin da ta fi amincewa da shi, wanda ta ɗora ƙofar littafinta a kansa, bai faru yadda take tunawa ba. Da ta so da ta yi shiru, ko ta cire shi. Sai ta bar shi a inda yake, ta kuma tona shi da hannunta. Marubucin da ya yi haka ya sayi amincin mai karatu da tsada, amma ya saye shi har ƙarshe.

Sai dai inda aka fi yabon littafin, mu nan ne muke da ja. Duk wanda ya ba ka labarinsa da zanen agogo zai fara, fim ɗin ma a kansa ya rataya komai. Ba mu musun cewa wuri ne mai armashi, kuma an iya tsara shi. Matsalar ita ce an gina shi kamar tatsuniya: an yi ta kawo masu magani suna kasawa, sai ga baƙo daga gabas ya zo da takarda da fensir ya warware ƙulli a zama ɗaya. Har an ba mu tarihin yarintar Dakta Najjar, yadda aka taɓa ɗaukarsa daƙiƙi a makaranta, don dai tauraronsa ya ƙara haske. Amma wanda ya bi babukan da natsuwa zai ga cewa kafin ranar agogo an riga an ɗebi ruwan lakarta an ga fararen ƙwayoyin jini sun haura ƙa'ida, wanda ke nuna akwai kumburi. Bayan agogon ma sai da aka fasa ƙoƙon kai aka yanko ɗan tsokar ƙwaƙwalwa aka auna, sannan aka jira sakamako daga Fensilbeniya. Agogo bai faɗi sunan cutar ba, kuma ba duk mai cutar ne zai zana irin wannan agogo ba. Abin da ya ceci Suzana taron hannaye ne: uwar da ta ƙi yarda da zancen giya, uban da ya riƙa zama a bakin gadonta, likitocin da suka sake gwaji, da masu binciken da suka shafe shekaru a kan ruwan lakar wasu mata da ba a san sunansu ba. Duk waɗannan suna cikin littafin, amma hasken da aka haska wa mutum ɗaya ya disashe su. A nan 'yar jarida mai neman kanun labari ta rinjayi mai bincike.

Wani ɗan abin da ke rage daɗin karatu shi ne yadda take tsayar da labari cak ta shiga bayanin kimiyya, kamar malamin da ya dakatar da wasan kwaikwayo don ya rubuta ma'anar kalma a allo. Bayanan suna da amfani, kuma ta sauƙaƙa su gwargwado, amma ɗinkin yana fitowa fili. Wannan ƙaramin aibi ne, ba za mu daɗe a kansa ba.

Jinya

Kashi na uku, wanda ta ara masa suna daga shahararren aikin marubucin Faransa Marcel Proust a kan neman lokacin da ya ɓace, shi ne wanda masu sharhi suka fi tsallakewa, fim ɗin ma a gurguje ya bi ta kansa. A ganinmu kuwa nan ne zuciyar littafin take. Mutanenmu kan ce ciwo farat ɗaya yake shiga, sauƙi sai a hankali. Kowa ya san maganar, amma da wuya ka ga marubucin da ya zauna ya rubuta wannan “a hankali” ɗin, domin babu ihu a cikinsa, babu jini, babu gudu.

An sallami Suzana ba don ta warke ba, sai don an san sunan ciwon an kuma ɗora ta a kan magani: ƙwayoyin sitiroyid masu danne garkuwar jiki, da tace ruwan jininta don fitar da mayaƙan da suka yi tawaye, da ƙarin wani ruwa da ake tatsowa daga jinin dubban masu ba da gudummawa. Ta koma gidan mahaifiyarta a jihar Niyu Jasi, mace mai shekara 24 da ta saba riƙe kanta, yanzu sai an ƙirga mata ƙwayoyi, sai an kai ta an ɗauko ta, ba ta da izinin tuƙa mota. Maganin ya kumbura mata fuska, ya ƙara mata ƙiba, ga tabon fiɗa a kai. Tana tafiya hannuwa a sandare. Idan aka yi mata tambaya sai an jira, amsar kuma ta fito kalma ɗaya ko biyu, ita da aka sani da surutu. Gwajin da aka yi mata ya nuna cewa riƙe abu a ka da nemo kalma sun yi rauni ƙwarai.

Abin da ta iya kamawa, wanda ba mu taɓa ganin an kama shi haka ba, shi ne kunya. Lokacin da ciwon yake kan ganiyarsa ba ta san abin da take yi ba, saboda haka babu abin jin nauyi. Wahalar ta soma ne ranar da hankali ya dawo daidai gwargwadon da za ta gane cewa ba ta cika ba. Tana ganin yadda tsohuwar ƙawa ke yi mata magana da ƙarfi, a hankali, kamar ana yi wa ƙaramin yaro. Tana ganin idon mutane a wurin biki, suna murmushi suna satar kallonta, tana jin kalmar da take so ta faɗa tana yawo a kanta ta ƙi saukowa kan harshe. A ciki tana nan, a waje ba a ganinta. Duk wanda ya taɓa zuwa gaida wanda ya tashi daga shanyewar ɓarin jiki, ya ga yadda ake zancensa a gabansa kamar ba ya wurin, zai gane wannan babi ba sai an yi masa fassara ba.

Sannan ga tambayar da ke bin ta ko'ina: ta dawo kuwa? Dangi suna cewa ta dawo, amma kowa da ranar da yake ƙirgawa. Ita kanta ta lura cewa a kowane mataki takan ɗauka ta warke sarai, sai bayan wata biyu ta waiwaya ta ga ashe da sauran tafiya. Ma'aunin da za ta auna kanta da shi, wato ƙwaƙwalwar, shi ne abin da ya lalace. Ta koma aiki bayan wajen wata bakwai, kuma a watan Oktoba na 2009 jaridarta ta buga labarin da ta rubuta a kan ciwon nata, wanda shi ne irin da ya tsiro ya zama littafin. Wato binciken da muka yaba a sama ba dabarar adabi ce kawai ba, wani ɓangare ne na jinyar. Da shi ta gwada ko har yanzu tana iya aikinta, da shi kuma ta ɗinke watan da ya yage daga rayuwarta, ko da yake da zaren wasu ta yi ɗinkin.

Duk da haka, mai karatu ya yi hattara kada ya ɗauka kowa haka yake ƙarewa. Wani babban bincike da aka buga a 2013, wanda ya bi majinyata 577, ya nuna cewa kimanin kashi 80 cikin 100 sun sami sauƙi mai kyau cikin shekara biyu, wasu sun rasu, kuma kimanin kashi 12 cikin 100 ciwon ya sake dawo musu a wannan tsakanin. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa da yawa daga waɗanda ake cewa sun warke suna fama da mantuwa da raunin natsuwa shekaru bayan sallama. Suzana tana cikin masu babban rabo. Ta faɗi da bakinta cewa jinyarta ta ci kusan dala miliyan ɗaya, inshora ce ta ɗauki mafi yawa, kuma tana zaune ne a birnin da ke cike da ƙwararru, tana da iyaye masu ilimi da bakin magana. Ba ta ɓoye wannan ba, har ta keɓe babi a kan nauyin da wanda ya tsira yake ji idan ya tuna waɗanda ba su tsira ba. Amma babin gajere ne, kuma sautin murna ya fi shi ƙarfi.

Wannan ya kawo mu ga aibin da muke ganin ya fi kowane girma. Daɗin da littafin ke ba mai karatu ya ta'allaƙa ne a kan cewa ashe ba mahaukaciya ba ce, ciwo ne na gaske a ƙwaƙwalwa. To, waɗanda aka auna ba a sami mayaƙan nan a jikinsu ba fa? Nasu ciwon na ƙarya ne? Littafin ya ja layi tsakanin wadda aka ceto da waɗanda aka bari a ɗakin masu taɓin hankali, kuma ba da gangan ba ya ƙara wa na bayan layin nauyin da suke ɗauke da shi. Adalci ne mu faɗi cewa marubuciyar ta ga wannan giɓi daga baya. Littafinta na biyu, The Great Pretender, wanda ya fito a 2019, a kan tarihin likitancin taɓin hankali ne, inda ta bi diddigin wani shahararren bincike na 1973 da David Rosenhan ya yi, ta kuma gano alamun cewa ba duk abin da ya rubuta ne ya faru ba. Amma wannan wani littafi ne daban. Wanda ke gabanmu ya bar tambayar a buɗe.

A wani babi Suzana ta kawo hasashen cewa wataƙila wasu daga cikin waɗanda aka riƙa cewa shaiɗanu sun shige su a tarihi wannan cuta ce ke damunsu. Hasashe ne, babu mai iya tabbatar da shi yanzu. Amma ba sai an gaya wa Bahaushe abin da za a ce a unguwa ba idan budurwa mai lafiya ta wayi gari tana fizge-fizge, muryarta ta sauya, tana zagin iyayenta, jikinta yana sandarewa. Ba muna cewa duk wadda aka ce iska ta buge ta wannan ciwo ne da ita ba. Cuta ce da ba ta da yawa, ƙiyasin da aka fi ambata bai wuce mutum ɗaya ko biyu cikin miliyan a shekara ba. Ba kuma muna hana kowa addu'a ba, ai addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Abin lura dai shi ne likitan Niyok da ya ce giya ce, da maƙwabciyar da za ta ce asiri ne, kuskure ɗaya suka yi: kowanne ya ɗauko amsar da ke kusa da hannunsa ya rufe bincike. A 2011 wata farar dabbar ƙasashen ƙanƙara mai suna Knut ta faɗa ruwa ta mutu a gidan namun dajin Balin bayan farfaɗiya ta buge ta, kuma a 2015 masana suka tabbatar wannan cuta ce. Ita dai ba wanda ya zarge ta da shan giya, ba ta kuma da kishiya.

Mun kawo zancen kishiya ne da gangan. Mai bin ƙagaggun labaranmu, musamman na soyayya da na zaman aure, ya san yadda hauka ke shigowa cikinsu. Yawanci makami ne a hannun marubuci: a haukatar da tauraruwa don a raba ta da masoyinta, ko a haukatar da muguwa a babin ƙarshe don ta girbi abin da ta shuka. Ana shiga da shafi ɗaya, a fita da shafi ɗaya. A tono layar da aka binne, yarinya ta yi atishawa ta tambayi inda take, shafi na gaba ana ɗaurin aure. Ba a nuna mana wata shida da ta yi tana koyon zama cikin mutane, ba a nuna mana wanda ya fasa aurenta, ko ƙanwar da aka daina neman aurenta saboda an ce abin a jininsu yake, ko uwar da ta sayar da ɗan kunnenta. Alhali nan ne labarin yake, kuma kusan kowane gida yana da wanda zai iya ba da shi. Mai son ya rubuta irin wannan ba sai ya je Niyok ba. Abin da zai ara daga Suzana shi ne ya je ya tambaya: ya zauna da mai jinya, ya nemi izini ya duba katin asibiti, ya ji ta bakin mutum uku a kan rana ɗaya, ya ga yadda za su saɓa, sannan ya bar saɓanin a kan takarda.

Bayan ta warke Suzana ta koma wurin likitan nan na farko, ta gaya masa sunan abin da ya same ta. Ya ce bai taɓa jin sa ba. A ɗaya gefen kuma, wani uba da ya ga hirarta a talabijin ya matsa wa likitocin 'yarsa, wadda ake yi wa maganin taɓin hankali, har suka yi gwajin aka sami cutar. Littafin ya rufe ne da komawarta sashen da ta kwanta. A cikin guntattakin da take tunawa akwai wata mata mai shunayyan kaya da ke tsaye a kanta lokacin da take ɗaure, wadda ba ta da tabbacin ko mutum ce ko gane-gane. Tana cikin tafiya a barandar sashen sai ga matar, ma'aikaciyar jinya ce, da ranta da lafiyarta. Suzana ta gabatar da kanta, matar ta dube ta ta tuna ta, ta rungume ta.